Zagayen Farko na Jirgin Seydou

Magariba ta kawo jiki a East Greensboro ta ƙasar Amurka, Ramlatou tana kwashe tuwo, sai aka ji ƙarar ƙarfe a kan rufi. Ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, kamar sarƙa tana jan abu mai nauyi zuwa sama. Mijinta Seydou ya ajiye buta. Ya san ƙarar.

Makaniken rola-kosta ne a wani filin wasa can bayan gari, jirgin nan da ke hawa sama ya sulalo da mutane suna ihu. Kullum da sassafe yakan bi layin da ƙafa, ya taɓa kowane noti, ya gwada birki, sannan ya saki jirgin ya zaga sau uku babu kowa a ciki. Kafin ya danna maɓalli kuwa yakan ce, “Bismillahi, masu wuri a kauce,” yadda uwarsa ke yi a Maraɗi in za ta zubar da ruwan zafi.

Ƙarar na tsayawa 'yarsu Chamsiya ta faɗi daga kujera, hannayenta a sama, tana ihu kamar wadda aka wurgo daga tudu. Kwana shida haka, kowace magariba. An kai ta asibiti, lokotoro bai ga komai ba.

Rana ta bakwai Malam Dabo, mai ruƙiyya a unguwar, ya zo bayan la'asar. Ya daɗe yana karatu. Can sai yarinyar da ba ta amsa magana sai da Turanci ta buɗe baki da muryar tsohuwa, Hausa tsantsa.

“Ran Talata uban yarinyar nan ya makara. Ya duba noti, ya duba birki, mu bai ce mana komai ba. Ɗana yana barci a kan layi, jirgi ya bi ta kansa.”

“Mantuwa ce,” in ji Malam. “Fita, ki ji tsoron Allah.”

“Sauran ma'aikatan ba su taɓa kula mu ba, shi ya sa muke kaffa-kaffa da su. Shi kuwa shekara tara yana mana sallama, har na daina tashin yaro sai na ji sallamarsa.”

Seydou ya durƙusa. “Me kike so, Baba?”

“Zan bar maka 'yarka. Amma zagayen farko, wanda ba a san ko jirgi lafiya yake ba, kai za ka riƙa hawa. Ran da na gaji da kuka, za ka sani.”

“Seydou, kar ka amsa!” Malam ya daka tsawa.

Ramlatou ta riƙe masa hannu, ta girgiza kai. Ya dubi 'yarsa a ƙasa.

“Na yarda.”

Chamsiya ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa.

Tun daga ranar, Ramlatou kan raka shi har mota, ta gyara masa wuyan riga, ta kasa sakin sa. Shi kuma in ya gama duba layi ya yi sallama, sai ya zauna a kujerar gaba. Kafin jirgi ya motsa, ƙarfen da ke riƙe mai zama a kujerar da ke gefensa yakan sauko da kansa, ya kulle.