Kafin Ka Hura

A ƙofar mahaƙar zinariya ta bayan garin Kalgoorlie Vesna Radonich ta fara ganinsa. Aikinta ke nan, ta tsaya da na'urar gwajin barasa, duk mai shiga aiki ya hura. Sifili kaɗai ake karɓa.

Dogo ne, ɗan Samoa, wanda ba ya fashin coci, sabon direban babbar motar ɗaukar dutse. Ya hura da ƙarfi har bututun ya fice.

"Malam, na'ura ce, ba wutar murhu ba," ta ce.

"Tavita ne sunan. Ban taɓa sha ba, shi ya sa ban iya hurawa ba."

Wata shida suna soyayya. Yana kiranta Sifilina, tana kiransa Dogo. Brodie, shugaban rukuninsu, wanda ya daɗe yana binta tana zillewa, ya sa musu ido.

Matsalar ita ce Baba Ante, mahaifinta, tsohon mahaƙi mai dafa rakiya, barasar ƙasarsu ta asali, da 'ya'yan itacen lambunsa a bayan gida.

"Wanda ba zai sha da ni ba, yana da abin ɓoyewa," in ji shi. "Ba na ba shi 'ya."

Ran Lahadi aka gayyaci Tavita cin rana. Tsohon ya jera ƙananan kofuna. A gidan, mai neman aure ba ya mayar da kofin uba. Vesna ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, don ta san yana da aikin ƙarfe shida na yamma. Ya dube ta, ya dubi tsohon, ya shanye. Aka yi ta cikawa, har ya sha kofi biyar.

Ƙarfe huɗu ta tura masa saƙo: "Dogo, don Allah kada ka zo aiki. Ka ce ba ka da lafiya."

Ya amsa: "Sifilina, kwantar da hankalinki. Na yi wanka da ruwan sanyi, na sha gahawa biyu. Garau nake."

Wanka ba ya wanke jini, amma ina wanda bai taɓa sha ba zai sani? Ta kira, wayar tana kashe, ya riga ya hau motar ma'aikata.

Ta hango shi na bakwai a layi. Brodie na tsaye a kafaɗarta, yana murmushi.

"Na ji an yi shagali a gidanku yau," ya ce.

Dokar a bayyane take. Wanda ya faɗa da bakinsa kafin ya hura, gida zai koma da takardar gargaɗi. Wanda na'ura ta tona, korarsa ake yi a take. Tana iya danna maɓalli da wuri, iskar ba ta kai ba, ta rubuta sifili. Yatsanta ya san yadda ake yi. Amma Josip, ƙanenta, yana can ƙasan rami cikin ƙaramar mota, a kan hanyar da Tavita zai gangaro da tan ɗari biyu na dutse.

Na biyar ya hura. Na shida ya hura. Hannunta na rawa har bututun yana kaɗawa.

Tavita ya matso yana fara'a. Ta yi masa tambayar da take yi wa kowa.

"Akwai abin da kake son faɗa kafin ka hura?"

"Haba, miƙa masa ya hura, layi na jira," in ji Brodie.

Tavita ya dubi hannunta. Bai taɓa ganinsa yana rawa ba. Fara'ar ta gushe. Ya cire hular kwanonsa, ya ja da baya.

"Na sha da rana. Kofi biyar. Ba zan tuƙa ba."

Wani a baya ya kwashe da dariya: "Limamin cocinmu ya faɗi!" Ita kuwa ta rubuta sunansa a takardar gargaɗi, hawaye na ɗiga a kan biro.

Washegari ta sami mahaifinta a cikin lambu.

"Baba, kofunanka sun kusa gangarowa kan Josip."

Ta gaya masa komai. Shekara talatin tsohon ya yi a rami, ya san abin da babbar mota take yi wa ƙarama.

"Da bakinsa ya faɗa? A gaban mutane?"

"A gaban kowa."

"Kira min shi."

Da Tavita ya zo, kofi ɗaya ne a tebur, cike da ruwan lemun tsami.

"Sha, ɗana. Wannan ma daga bishiyata yake."

Aka ɗaura aure cikin watan Oktoba. Dangin ango suka zo da tabarmi masu laushi da waƙoƙin coci. Baba Ante ya ɗaga kofi ya sa albarka, ya roƙi Allah ya ba su zuri'a, ya dawo da kowa gida lafiya daga rami. Sannan ya rufe bakin kwalbar rakiya da tafinsa, ya dubi baƙi.

"Duk mai aikin gobe ya ɗaga hannu tukuna."