Ranar da Aka Kulle Vitu a Ɗakin Baya

Lusungu na cikin tuƙa sima, tuwon masara, surukarta NyaGondwe ta leƙo kicin.

"Yau dangin saurayin Tawonga za su zo. Ki shige ɗakin baya da yaronki, kada su gan shi su fasa auren 'yata."

"Mama, yau fa nas ta ce mu kai shi wurin masu duba irinsu—"

"Asibitin mahaukata? Ba da sunan gidan nan ba. Daga danginku kika kwaso abin, ki ji da shi."

Vitu shekararsa tara, amma maganarsa ba ta wuce ta ɗan yaye ba. Makaranta ta sallame shi. Lusungu ta bar ɗinkinta a kasuwar Mzuzu, ko coci ta daina zuwa. Mijinta Wongani, direban bas, yana sonta har cikin ransa, sai dai a gaban uwarsa bakinsa mutuwa yake yi. Kullum maganarsa ɗaya: "Maman Vitu, ki ƙara haƙuri."

Da rana ya dawo gaida baƙi. Ana cikin raha a falo ya ji wani abu na bugun bango. Ya zagaya baya, ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

"Lusungu?"

"Kada ka buɗe, Mama za ta yi fushi," ta ce daga ciki. "Kansa yake bugawa. Na sa hannuna tsakaninsa da bangon."

Wongani ya koma ya durƙusa gaban uwarsa. "Mama, ban taɓa musa miki ba. Ki ba ni makulli, ko in ɓalle ƙofar baƙi na ji."

Ta wurgo masa. Ya sami matarsa a ƙasa, bayan hannunta ya kumbura. Ya saɓi yaron, ya kamo ta, suka bi ta tsakiyar falo.

"Wannan ɗana ne, Vitu," ya faɗa wa baƙin. "Asibiti za mu."

Jami'ar da ta gan su ta ce ba hauka ba ne, ba kuma laifin kowa ba. Fahimtarsa ce ke tafiya a hankali, bugun kan kuwa don ya rasa yadda zai faɗi damuwarsa ne. Sannan ta dubi Lusungu.

"Ke fa, wa ke kula da ke?"

Lusungu ta fashe da kuka. Wongani ya sunkuyar da kai, ya ce, "Daga yau ni ne."

NyaGondwe ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsu ba, amma an yi bikin Tawonga. Vitu bai warke ba. Ya dai koyi nuna abin da yake so, kuma duk Laraba iyayensa ke raka shi asibitin, su zauna da wasu iyaye irinsu.

Haƙurin Lusungu bai tafi a banza ba. Amma duk mai cewa yana sonki, kada ya tsaya ga ba ki haƙuri, ya zo ya kama miki.