Hoton da Yaya Ya Karɓo

"Auta? Wallahi Auta ce! Ke, dama kina raye?"

'Yar Tela ce, ƙawarta ta ƙuruciya, ta fito daga shagon babanta da almakashi a hannu. Suka rungume juna a tsakiyar layi har mai keke ya kauce musu yana tsaki.

"Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa! Dubi yadda kika rame, sai idanu."

"Ke kuma kin cinye rabona."

"Haihuwa huɗu, me kike so in zama? Ya jikin Baba?"

"Ya rasu. Wata biyu ke nan."

"Allah ya jiƙansa... Ke kin yi naki, ƙawata."

Ta yi kuwa. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye suka bar unguwar, suka koma garin da Yaya yake aiki. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, har ranar da ya cika.

Ta dubi layin. Famfon da suke faɗan bokiti a gindinsa ya ƙafe. Bishiyar da suke ɓuya a bayanta an sare ta. Amma shagon hoto yana nan da shuɗiyar ƙofarsa.

"Dogo yana ciki?"

Fuskar 'Yar Tela ta canza. "Zo ki sha ruwa tukuna."

"In na fito."

"Auta, tsaya mana..."

Ba ta tsaya ba.

Shagon yana da ƙa'ida tun zamanin mahaifin Dogo: duk wanda aka ɗauka hoto, a ba shi 'yar takarda mai lamba. Babu takarda, babu hoto, ko kai waye. Ana gobe za su tashi Dogo ya ɗauke ta hoto, ya danƙa mata takardar.

"Ba sai kin yi mini alkawari ba, abar ƙaunata," ya ce. "Muddin hoton nan yana hannuna, na san mai shi za ta dawo."

Shekarun farko suna waya. Daga baya ta gaji da ce masa "ƙara haƙuri", kunya ta kama ta, ta daina ɗauka. Ta ɗauka shirun nan kawaici ne. Ba kawaici ba ne, ragwanta ce, kuma shi ma da ya daina kira bai fi ta ba. Mutum biyu masu baki suka bar takarda ta yi musu magana.

Ta same shi yana goge gilashin kyamara. Furfura ta fara taɓa gemunsa. Labulen nan mai zanen teku yana rataye inda ta bar shi.

Ya ɗago. Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Auta..."

"Na dawo, Dogo. Baba ya rasu. Babu abin da ya riƙe ni yanzu." Ta zaro hoton daga jaka, gefensa duk ya lanƙwashe don yawan taɓawa. "Na ga saƙonka. Shi ya riƙe ni shekara biyun nan."

"Wane saƙo?"

"Hoton mana! Yaya ya kawo mini, ya ce daga shagonka. Na ce Dogo bai manta da ni ba."

Ya zauna a kan kujerar masu ɗaukar hoto kamar an tura shi.

"Ban aika ba. Zuwa ya yi da takardarki, ya ce ya zo karɓa."

"Da takardata?"

"Lamba ɗari uku da bakwai. Rubutun hannuna."

Sai a lokacin ta tuna. A cikin akwatin Baba ta ɓoye takardar, kuma Yaya ya taɓa zazzage akwatin yana neman katin asibiti. Bayan haka ta neme ta ta rasa, ta zaci ɓata ta yi. Ashe ya ɗauka ne, aiki ya biyo da shi ta nan, ya ce bari ya faranta wa ƙanwarsa rai.

"Kai kuma sai ka ba shi?"

"Ya zo da takarda, Auta! Me zan ce?"

"Ka tambaye shi! Ka ce ita ta aiko ka? Kalma huɗu, Dogo!"

"Na ji kunya. Yayanki ne. Na ce ai amsar ke nan, kin aiko a karɓe miki kayanki." Muryarsa ta karye. "Shekara tara kullum sai na kakkaɓe wa ambulan ɗin ƙura. Inna tana kuka, tana cewa za ta mutu ba ta ga ɗana ba, ina ce mata hoton yana nan. Ranar da ya bar shagon nan, na rasa abin da zan ce mata."

Auta ta bi idonsa zuwa bango. Cikin hotunan talla akwai sabo: mace mai fara'a da jariri a cinya, Dogo a tsaye bayanta.

"Watansa nawa?"

"Biyar."

"Ya ɗauko goshinka. Allah ya raya shi."

"Auta, in kin yarda, zan iya..."

"Kada ka ƙarasa. Ita me ta yi? Da ita za ka zauna kana kallona?"

Ya rufe fuska da tafin hannu. Ta bar shi ya yi kukansa, nata yana zuba ba ta share ba. Sannan ta ajiye hoton a kan teburi, ta tura masa.

"Ba ni na karɓa ba. Mayar da shi inda yake."

Ya saka shi a ambulan. Sabo ya sa ya jawo littafin takardun karɓar hoto, ya rubuta lamba, ya yago takardar, ya miƙa mata.

Ta daɗe tana kallon ta a tsakanin yatsunsa.

"Riƙe, Dogo. Wannan karon babu mai zuwa karɓa."

A bakin ƙofa 'Yar Tela tana tsaye da kofin ruwa. Ta buɗe mata hannu.