Ranar da Aka Shiga da Rabo Gidan Ƙyanda

A shekarar fari, lokacin da sojoji ke rabon jar dawa a Korgom, akwai wata yarinya da ba ta iya zama wuri ɗaya. Ƙanenta Rabo bai cika shekara ba. Yunwa ta ramar da shi, wuyansa kamar zare.

Wata safiya uwarsu ta ɗauki ƙwarya za ta wurin rabo.

"Ki goya Rabo, ki ba shi kununsa," in ji ta. "Kada ki shiga gidan su Furera. Akwai ƙyanda."

"To, Inna."

Yarinyar ta zauna, ta tashi, ta leƙa waje. Ta kurɓi kunun Rabo, ta sake kurɓa, har ya ƙare. Sai ta ji muryar ƙawarta Furera ta bayan darni.

"Ke matsoraciya! Jiya ba kin shigo ba? Mi ya same ki?"

Lallai babu abin da ya same ta. Ta gyara goyo, ta shiga. Suka yi carafke kusa da tabarmar yaron da ƙyanda ta kwantar.

Bayan kwana goma jikin Rabo ya yi zafi. Idanunsa suka yi ja, ƙuraje suka feso, ya ƙi nono. Aka sa shi a amalanke sai gidan likita, a Tasawa. Yarinyar ta kasa zama a hanya, tana ta taɓa ƙirjinsa ta ji ko yana numfashi.

"A ina ya ɗauko?" in ji majo, mai duba marasa lafiya.

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Ni ce. Na ga ba ta kama ni ba. Kuma na shanye mashi kunu."

Majo ya duba katinta na allura.

"Ke an yi maki allurar rigakafi, jikinki ya san cutar. Shi ba a yi mashi ba. Ga shi ƙarami, ga yunwa. Cutar ɗaya ce, jikin ne ba ɗaya ba."

Sati biyu suka yi a can. Yarinyar ce ke riƙe mashi cokali, ko ɗanɗanawa ba ta yi. Rana ta goma sha uku Rabo ya fizge cokalin, ya shafe mata fuska da kunu. Inna ta yi dariya har da hawaye.

Yara, ku ji da kyau. Abin da bai kayar da ku ba yana iya kayar da ƙanenku. Kada ku auna ƙarfinsa da naku.