Taron da Babu Shi a Penang

Khaulah ta baje taswira a kan kafet ɗin falo, tana bin gaɓar teku da jan biro: daga Penang a gangaro Pangkor, a kwana, a wuce Port Dickson, a ƙare a Melaka. Kwana biyar ne a ƙaramin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, daga ita sai mijinta Sharfaddeen, sai matuƙin jirgin da matarsa mai girki.

"Dear, zo ka gani," ta ce ƙasa-ƙasa, tana satar kallon ƙofar ɗakin Inna. "A Pangkor akwai tsohuwar ganuwar Turawa, a Melaka kuma masallacin nan na kan ruwa. An ce da asuba in jirgi ya tunkaro shi kamar yana yawo a teku."

Sharfaddeen ya leƙo daga ɗakinsu, bai yarda ya tako falon ba. "Ya yi kyau. Kin dai yi wa Inna maganar, ko?"

"Na yi, mana. Ta ce boleh, wato ba laifi."

Ta yi maganar, gaskiya ne. Abin da ta faɗa ne bai ji ba.

Inna Hureira mahaifiyar Khaulah ce. Ta zo Kuala Lumpur wankan jegon haihuwar jikarta Bilƙis da niyyar kwana arba'in, sai annoba ta rufe filayen jirgi. Wata biyu bayan haka aka bugo waya daga Kano cewa mahaifin Khaulah ya rasu. A wannan ɗan gidan na unguwar Wangsa Maju ta yi takabarta, kuma da hanya ta buɗe Sharfaddeen ya rantse ba za ta koma gidan da babu kowa ba alhali ciwo na yawo. Yau wata ashirin ke nan.

Sai dai gida ɗaki biyu da falo ba a gina shi don kunyar surukai ba. Sharfaddeen ba ya cin abinci inda Inna za ta gan shi, ba ya zama a falo in tana nan, ko tari zai yi sai ya rufe ƙofa. Inna kuwa da ta ji motsinsa sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Khaulah ce a tsakiya, ta kai tire nan, ta kai tire can. Ta manta ranar da ta yi dariya da mijinta da ƙarfi. Tana son uwarta, amma ta gaji, kuma tana jin kunyar gajiyar.

Shi ya sa da gwamnati ta buɗe tafiya tsakanin jihohi ga masu rigakafi, ta maƙale wa maganar jirgin nan. Amma da wane baki 'yar fari, wadda uwar ko sunanta ba ta kira, za ta ce, "Inna, zan tafi shaƙatawa da mijina a teku, ki riƙe mini yarinya"? Bakin ya ƙi. Sai ta ce jami'a ce ta tura Abban Bilƙis babban taro a Penang, inda manyan malamai za su yi masa tambayoyi kan karatunsa na dakta, kuma an ce kowa ya zo da matarsa.

Ta ɗauka magana ta mutu a nan. Ba ta san Inna ba, ko kuma ta manta.

Washegari Inna ta tashi da azumi. Jibi ma haka. Ta sa aka fito mata da manyan kayan Sharfaddeen ta sa musu sitaci, ta wanke hulunansa uku ta kifa su a kan robobi a baranda. Ta kira ƙanwarta, wadda Khaulah ke ce wa Gwaggo, a Kano ta ce a sa almajiran malamin unguwarsu su yi sauka, surukinta zai tsaya gaban manya. Duk lokacin da Khaulah ta wuce ta ji Inna na jan carbi, sai ta kau da kai ta ƙara sauri.

"Inna, ki huta da azumin nan, ga hawan jininki."

"Ke dai bar ni. Yaron da ya riƙe ni wata ashirin bai taɓa ɗaure mini fuska ba, me nake da shi da zan ba shi in ba wannan ba?"

Khaulah ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji kukanta. Duk da haka ba ta faɗa ba.

Ranar Alhamis da la'asar, saura kwana uku tafiya, Sharfaddeen ya dawo da ledar abincin da ya sayo a shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi. Yana cire takunkumi sai ya ji abin da bai saba ji ba, muryar Inna daga bayan ƙofa tana yi masa magana kai tsaye.

"Malam, sannu da dawowa. Allah ya ba da sa'a a taron nan, ya ɗora ka a kan masu tambaya. An yi sauka biyu a gida."

Ya durƙusa a inda yake. Ya ce, "Amin, Inna. Na gode."

A ɗaki ya tura ƙofa a hankali, ya dubi matarsa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Wane taro?"

"Dear, let me explain—"

"Azumin da take yi kwana huɗu, na wannan ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban san za ta ɗauke shi haka ba. Ni dai kwana biyar nake so, ni da kai. Haramun ne? Tun da aka haifi Bilƙis ban ci abinci kwano ɗaya da kai a falona ba. Ka fi damuwa da zama surukin kirki a kan zama mijina."

Maganar ta same shi, ta gani a fuskarsa. Ya zauna a bakin gado.

"Wataƙila kin yi gaskiya," ya ce. "Ni ma ina son tafiyar nan, wallahi, har hoton jirgin na sa a wayata. Amma na amsa amin a kan ƙarya yanzun nan, Khaulah, saboda ba zan tona miki asiri gaban mahaifiyarki ba. Ba zan ƙara ba. Ba zan hau ruwa da yunwar tsohuwar nan a wuyana ba. Ko ki faɗa mata, ko in kira matuƙin in ce mun fasa."

"In na faɗa za ta ce ta yi mana nauyi."

"To ki faɗa mata gaskiyar wannan ma."

Ana gab da kiran magariba ta shiga ɗakin Inna da dabino da ruwa. Inna na kan darduma, Bilƙis na barci a gefenta. Khaulah ta ajiye tiren, ta zube a ƙasa, ta faɗi komai: babu taro, babu malamai, jirgin ruwa ne da yawon buɗe ido. Ba ta iya ɗaga ido ba, ƙafafun Inna kawai take kallo.

Da Inna ta yi magana, muryarta ba faɗa a ciki.

"Wata ashirin ina rufe ƙofar nan don ku sake. Ina jin fitsari in danne har sai na ji ya shiga ɗaki. Ashe duk da haka na cika muku gida." Ta ajiye carbin. "Ki ce masa ya nema mini jirgin Kano."

"Inna, don Allah—"

"Ba tafiyarku ce ta dame ni ba. Ni ma na yi ƙuruciya, mahaifinki har Tiga ya kai ni ganin ruwa a kan babur. Amma ki bar ni in ɗaga hannu in roƙi Allah abin da babu shi? In sa mutane sauka?"

Khaulah ta fashe da kuka mai sauti. A lokacin ne aka yi sallama a bakin ƙofa, kuma a karo na farko tun zuwan Inna, Sharfaddeen ya tako cikin ɗakin. Ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Inna, laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Ni na mai da gidan nan kurkuku da sunan kunya, na takura ki, na takura ta. Uwata ta rasu ina aji uku, ke ce Allah ya musanya mini. In kika tafi a kan wannan, ban san inda zan sa kaina ba. Kuma addu'arki ba ta faɗi ƙasa ba, nan da wata uku zan kare karatuna da gaske."

Wayarsa ta ɗauki kiran salla. Inna ta dubi dabinon, ta dubi su biyun, idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki ɗaya ta kai baki, sannan ta tura masa farantin.

"Ci," ta ce.

Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya ci a gabanta, kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

Bayan salla Inna ta fito falo da kanta ta ce a kawo mata taswirar. Khaulah ta nuna mata Penang da ido a kumbure, ta ce daga nan alhazan ƙasar suke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda a zamanin da. Inna ta daɗe tana kallon wurin. Ta tambayi yadda ake gane alƙibla a tsakiyar ruwa, Sharfaddeen ya yi mata bayani daga kan kujera.

"Ko ki zo mu tafi tare, Inna? Akwai wuri," in ji shi.

"Ni da jirgin ƙasan nan naku ma yake sa ni jiri? Ku tafi, ku bar mini kishiyata." Ta juya wajen Khaulah, ta haɗe fuska. "Amma kafin ki taka jirgin nan, ki kira gwaggonki a Kano ki faɗa mata da bakinki saukar me aka yi."

Khaulah ta kira. Wannan wayar ta fi mata komai wuya a rayuwarta, don Gwaggo ba ta da sanyin Inna, kuma sai da ta wanke ta tas. Khaulah ta saurara har ƙarshe, ta ba da haƙuri.

Ranar Lahadi suka kama hanyar Penang, Inna na baranda da Bilƙis a goye tana ɗaga musu hannu. Haƙurin Sharfaddeen ya sama masa uwa, ya kuma dawo masa da matarsa. Ita kuwa Khaulah ta koyi abin da ya kamata kowace 'ya ta sani: kunyar iyaye ado ce, amma duk kunyar da za ta kai ki ga yi musu ƙarya ta tashi daga tarbiyya. Abin da ta kasa faɗa da bakinta a minti ɗaya, uwarta ce ta biya shi da yunwar kwana huɗu.