Kafintan da Ya Ƙi Karɓar Tsintsiya

Wata Laraba da yamma, ana yayyafin nan na garin Esbjerg na bakin teku da mutum ke rainawa har ya jiƙe sharkaf, Tendai Marufu ya shigo ɗakin karatu na gari yana ƙarnin kifi. Daga kamfanin gyaran kifi ya taso, bai ko biya gida ba.

A teburin ƙarshe Ditte Vestergaard ke zama duk Laraba, tana taya baƙi rubuta takardar neman aiki kyauta. Tana da wata takarda da ta tsara da kanta: hagu sunayen sana'o'i da Turanci, dama ma'anarsu da Danish, yaren ƙasar, har guda tamanin. Haushi ne ya sa ta tsara ta. Ta gaji da ganin injiniya na goge bene, ungozoma na wanke kwanuka, mutanen gari kuma suna wucewa suna yaba wa kansu cewa a ƙasar nan ba a barin kowa a baya.

Ta ɗago kai, suka haɗa ido. Sai da ta gyara zama kafin ta tuna abin da take ce wa kowa.

"Zauna. Mece ce sana'arka?"

"Gyaran kifi."

"Ban tambaye ka abin da ke ciyar da kai ba. Sana'arka na tambaya."

Shekararsa biyu a garin, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya ɗora yatsa a kan kalmar carpenter. Ita kuma ta ja nata yatsan zuwa ɗaya gefen, ta ce, "Tømrer. Maimaita."

Ya gwada. Ta tuntsire da dariya har mai tsaron littattafai ta leƙo.

"Ka yi kamar akwai dankali mai zafi a bakinka."

"Ai duk yarenku dankalin ne," in ji shi. "Shekara bakwai ina ɗora rufin gidaje a Mutare, can Zimbabwe, ban taɓa shan wahala irin ta kalmar nan ba."

"Babana ma kafinta ne."

"To ki gaya masa yana da 'ya mai mugunta."

Daga ranar bai ƙara fashin Laraba ba. Kafin hunturu ya fita, sai ga shi suna zaga bakin teku a kan kekuna, yana kiranta Ƙamusina, ita tana ce masa Kafintana. Da safe kafin ya shiga aiki yakan tura mata saƙo:

"Ƙamusina, na haddace sana'o'i sittin. Har yanzu ban ga layin da aka rubuta sunan aikin da kika sa zuciyata ba."

Ita kuma ta mayar: "Kafintana, rage zaƙin baki ka ƙarasa sauran ashirin. Lahadi za ka ci abinci da Baba. Kada ka sa kwat."

Ya sa kwat.

Preben, mahaifin Ditte, babban kafinta ne mai shagon kansa, mutum ne da kalma goma ke isar sa yini guda. Tun rasuwar matarsa su biyu ne da 'yarsa. A teburin akwai Asger, ma'aikacinsa na shekara tara, wanda duk unguwa ta daɗe da aura wa Ditte a baki, shi ma bai taɓa musa wa kowa ba.

Tendai ya ɗan rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe."

"Preben kawai. Masu sarauta suna can babban birni, Copenhagen."

Aka ci baƙin burodi da kifi mai tsami. Can Preben ya ajiye cokali.

"An ce kai kafinta ne. Ina takardar gama koyonka?"

"A wajenmu rufin da ka ɗora shi ne takardarka."

Asger ya murmusa. "Iskar nan tamu ba ta karanta rufi, abokina. Takarda take tambaya."

Bayan baƙi sun tafi, Preben ya ce wa 'yarsa, "Yaron yana da ladabi. Amma ba na zama suruki ga mutumin da ke amsa sunan da bai ci jarrabawarsa ba."

Ditte ba ta buƙatar izinin kowa don ta yi aure, a nan ba a haka. Sai dai ta yi wa kanta alkawari tun tana yarinya cewa hannun mahaifinta ne zai raka ta cikin coci. Tana son Tendai, tana son wannan hannun, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta bar ɗaya ba.

"Baba, ka gan shi da cokali ne kawai. Ka gan shi da zarto tukuna."

Ranar Asabar ta kai Tendai shagon. Preben ya jefa masa katako biyu ya ce ya haɗa su ba ƙusa, ba gam. Tendai ya tuɓe riga, ya auna, ya yanka, ya sassaƙa. Cikin minti arba'in katakon suka shige juna kamar tare aka halicce su. Preben ya bi mahaɗar da babban yatsa, sau biyu.

"Ba laifi," in ji shi. Ya juya ya ɗauko wata tsohuwar tsintsiya mai dogon hannu daga jikin bango ya miƙa masa. "Zan ɗauke ka ɗan koyo. Litinin, ƙarfe bakwai."

Asger ya kawar da kai, fuskarsa ta yi ja. Tendai ya ɗauka dariya yake ɓoyewa. Ya kalli tsintsiyar, ya kalli Ditte, ya ajiye kurfin sassaƙa a hankali.

"Shekarata talatin. Mutum shida na koya wa aikin nan da hannuna. Na gode."

Ya ɗauki rigarsa ya fita. Bayan awa guda saƙonsa ya shigo:

"Ƙamusina, na duba takardarki. Sunan da babanki ya ba ni yana can layin ƙarshe, lærling, ɗan koyo. A wajenmu idan uban yarinya ya miƙa maka tsintsiya a gaban wanda ya fi so ya aure ta, ya ba ka amsa ke nan. Na ji amsar. Ba zan shiga tsakaninki da mahaifinki ba."

Ta mayar nan take:

"Ba ka ji komai ba, sarkin taurin kai. Shekara goma sha ɗaya Baba bai ɗauki ɗan koyo ba, iyaye nawa suka roƙe shi ya ƙi. Ka ɗaga wayata."

Bai ɗaga ba. Laraba ta zo, kujerarsa ta kwana ba kowa.

Da wata ce, da sai ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Ditte kuwa makarantar koyon sana'a ta nufa. Ta tsare ma'aikacin ofis da tambaya har ya ciro mata abin da ke cikin durowarsa tun tuni: ana iya gwada hannun babban mutum, a ƙirga masa shekarun da ya yi yana aiki a wata ƙasa, a rage masa lokacin koyo.

"Tun yaushe ake wannan?"

"Ai an daɗe."

"To wa kuka gaya wa?"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. Wannan ɗaga kafaɗar ita ce ke riƙe da ɗaruruwan masu sana'a a bakin injin wanke kwanuka. Ƙofar a buɗe take, amma ba wanda zai tashi daga kan kofin shayinsa ya nuna ta, sai a riƙa cewa baƙi ne ba sa so.

Daga can ta wuce shagon mahaifinta, ta ajiye takardun a kan bencinsa.

"Kai ma ba ka taɓa tambaya ba. Shekara bakwai na aikin mutum, ka share su kamar garin katako. Kuma ka ba shi tsintsiyar Kaka ba tare da ka gaya masa ko mece ce ba!"

"Na ce masa ba laifi."

"Baba!"

"To me kuma ake so mutum ya ce?"

"Ka buɗe bakinka sau ɗaya a rayuwarka. In ba haka ba ranar aurena kujerarka ce za ta zama ba kowa, kuma ni zan fi ka kuka."

Preben ya daɗe yana kallon takardun. Asger ne ya yi magana daga bayan injin, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka je, Preben. Shekara tara ina nan, ba ka taɓa miƙo mini tsintsiyar nan ba. Na san abin da na gani ranar Asabar."

Washegari ƙarfe uku, da ma'aikatan kamfanin kifi ke fitowa, Tendai ya tarar da Preben tsaye a bakin ƙofa, da wata takarda cikin gilashi a hammatarsa.

"Karanta shekarar."

Takardar gama koyon Preben ce. Tendai ya duba, ya yi lissafi, ya sake dubawa.

"Kana da shekara talatin da biyar ka gama koyo?"

"Masunci ne ni a da. Aka sayar da jiragen, na rasa abin yi. Ina da shekara talatin da ɗaya wani tsohon kafinta ya ɗauke ni, ya miƙo mini tsintsiyar nan. Na share masa shago shekara huɗu. Ya ba ni shagon, na auri 'yarsa." Ya share maƙogwaro. "A gidanmu ba a ba baƙo ita. Wanda za a bar wa wurin ake ba."

Tendai ya ɗago kai daga takardar.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wannan tambayar na sha ta jiya, ta ishe ni. Ni ma na yi kuskure. Shekarunka bakwai aiki ne, za a ƙirga su. Ditte ta gano hanya, ni da ke cikin sana'ar ban taɓa nema ba." Ya miƙa hannu. "Litinin?"

"Ƙarfe bakwai saura kwata," in ji Tendai.

Kafin ya hau kekensa ya rubuta: "Ƙamusina, ashe akwai abin da ba ya cikin takardarki. Ki yafe wa jakin kafinta."

Amsa ta zo: "Na yafe. Amma sai ka faɗi tømrer daidai a gaban jama'a kafin in ce na amince."

Aka gwada hannunsa, aka rage masa fiye da rabin lokacin. Wata ashirin ya yi yana koyon aikin iskar teku da sanyin arewa, yana shara duk yamma ba tare da ya ji ta taɓa masa mutunci ba. Ranar da ya ci jarrabawa, takardarsa ta hau bango kusa da ta Preben.

Aka ɗaura aure a watan Yuni, rana tas. Preben ya rako 'yarsa cikin coci, hannunta cikin nasa, yana ta ƙifta ido yana ɗora laifin a kan furanni. Mahaifiyar Tendai ta zo daga Mutare da zanenta mai haske, ta yi guɗa har fasto ya yi dariya. Bayan rawar ango da amarya maza suka ɗaga Tendai sama, suka tuɓe masa takalmi, Asger ya riƙe almakashi ya datse bakin safarsa, kamar yadda ake yi wa kowane ango a al'adar ƙasar.

"Yanzu ka shigo gari, abokina!"

Da aka buga kofi don jawabin uban amarya, Preben ya miƙe ya ciro wata takarda mai lanƙwasa daga aljihu. Ditte ta gane ta, takardarta ce ta sana'o'i. A can ƙasa an ƙara layi na tamanin da ɗaya da fensirin kafinta: son-in-law a hagu, svigersøn a dama, wato suruki.

"Baba, ai wannan ba sana'a ba ce."

"Wa ya gaya miki? Shekara ashirin na yi ina yin ta a hannun kakanki, ita ta fi wuya." Ya miƙa wa Tendai takardar. "Na ɗauke ka. Ita ba a gama koyonta."

Mahaifiyar ango ta tashi ta dafa kawunansu biyun, ta ce Ubangiji ya sa rufin gidansu ya fi ƙarfin kowace iska, ya cika shi da 'ya'ya da dariya. Ɗakin ya amsa da amin cikin harsuna uku.

Tendai ya sunkuya kusa da kunnen amaryarsa ya faɗi kalmar nan tømrer, a hankali, da dankalinta da komai.

"Ba laifi," in ji Ditte, ta riƙe hannunsa gam.