Ƙusar Garma ta Bakwai

"Ta bakwai ke nan fa, Baba. Ni na gaji da feƙe abin da zai karye gobe."

Baba bai ɗago ba. Ya ce ƙusar da ke haɗa garma da tarakta, da ƙarfe mai taushi ake yin ta, haka Kaka ya bari tun ranar da ya harhaɗa garmar da hannunsa. Auta ta ce ai Kaka bai san ƙarfen zamani ba. Tunda idon Baba ya raunana, ita ke karanta awo, ita ke tsayawa gaban injin feƙe ƙarfe, amma duk sa'ad da Yaya ya kai garma kusurwar gona ta gabas, sai ƙusa ta tsinke.

"Karanta bango, sarkin karatu," in ji Baba.

Ta daɗe da karanta shi. Rubutun Kaka ne da fenti: mai taushi, kada a canza.

Ta feƙe mai taushin a gabansa, ta jefa a aljihu. Yana fita, ta yanko aksul, sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyin wata tsohuwar babbar mota, ta feƙe wata mai tauri. Ita ta miƙa wa Yaya da la'asar.

Rana na shirin faɗuwa Baba ya aike ta rufe shago.

Tun daga bakin ƙofa ta ji warin ya canza. Babu ƙaurin ƙarfe, babu baƙin mai. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, alhali an kwana goma ba ruwa.

A kan teburin aiki an jera gutsattsarin ƙusoshi shida. Waɗanda Yaya ya yar a gona. Laka na ɗiga daga jikinsu.

Ɗis. Ɗis.

Bakin injin feƙe ya juya sau ɗaya, a hankali. Ita kuwa da hannunta ta kashe wuta.

"'Yar maƙeri." Muryar daga ƙasa ta fito, daga ƙarƙashin siminti, kamar ana magana cikin tulu. "Wannan ta ƙi karyewa."

Auta ta dubi simintin da ke ƙarƙashin ƙafarta.

"Rufin ɗakinmu ne a kusurwar gabas ɗin nan. Kakanki ya sani. Mu riƙe garma, ƙusa ta karye, kowa ya koma gida."

Wani sanyi ya kama mata idon sawu. Yatsu ne.

"Yau me za mu karya?"

Can nesa ta jiyo kukan tarakta. Ba kukan noma ba. Gurnani ne na abin da ake ja da baya.

Ta fizge ƙafarta, takalmin ya zauna a wurin. Ta zura da gudu, ƙafa ɗaya ba takalmi, ƙaya na sukarta ba ta ji.

A kusurwar gabas garma ta nutse har wuya. Tayoyin gaba sun bar ƙasa. Tarakta ta miƙe tsaye, Yaya na maƙale da sitiyari yana ƙara mata wuta, shi a dole sai ya tumɓuke dutsen da yake zaton ya riƙe garma.

"Yaya, kashe! Kashe ta!"

Ya waiwayo. Ko me ya gani a fuskarta, ya murɗa makulli.

Tayoyin suka dawo ƙasa, tim.

Shiru. Ko tsuntsu babu.

Ta rarumo guduma daga akwatin kayan aiki, ta durƙusa tsakanin garma da taya. Ƙasa na numfashi a ƙarƙashin gwiwarta. Bugu ɗaya. Biyu. A na biyar ƙusar ta fito. Ta zura mai taushin da ke aljihunta.

Ba wanda ya taɓa komai. Ƙusar ta ce ƙas, ta rabe biyu.

Garma ta saki.

Washegari takalminta na kan tebur, an goge shi tas. Tun daga ranar Auta kan feƙe ƙusoshi goma-goma ba a sa ta ba, ta kuma sake bin rubutun Kaka da sabon fenti. Baba bai tambaye ta komai ba. Ya dai shafa ƙusa mai taurin da yatsunsa, ya daɗe, sannan ya mayar mata.

Yaya ne bai ji a jikinsa ba. Da wata damina ta zagayo ya shigo shago da ragowar aksul ɗin a kafaɗa, yana dariya. Wai dutse ne kawai, saura ƙiris ya fito da shi, matsoraciya ta hana. Wai ta feƙe masa biyu masu tauri, zai sayo mata takalmin da ba ya gudu ya bar mai shi.

Auta ta ciro tsohuwar ƙusar, ta dangwarar a gabansa. Ƙarfen aksul ne, wanda zarto ba ya ci sai da ƙyar, amma ga shaidar yatsu ta lotsa shi kamar ɗanyen yumɓu.

"Ƙirga, Yaya. Kai ma ai ka iya lissafi."

Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. Bakwai, a hannu ɗaya.

Ta sauke aksul ɗin daga kafaɗarsa, ta saɓa a tata, ta nufi tsohuwar rijiyar bayan shago, za ta jefa shi ciki. Ƙofar da ta bugo sai da ƙusoshin kan tebur suka yi tsalle.